Ban Gajiyar da Na Yi wa Mama

Takardar da GP, wato likitar unguwarmu, ta ba ni shafi biyu ce, gaba da baya, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Ta ce gwajin jinina ya nuna hantata ta fara wahala, ta tambaye ni ko ina sha. Na ce kaɗan. Ta kafa min ido. Ni kuma ba na iya riƙe ƙarya a bakina, sai na ce ba kaɗan ba ne. Shi ne ta jawo aljihun tebur ta miƙo min takardar. Ta ce akwai mutane masu irin damuwata da suke haɗuwa su zauna su yi magana, babu likita a cikinsu, babu mai wa'azi, duk mashaya ne masu ƙoƙarin bari. Ga ranaku, ga lokuta, ga wurare. Ta ce in zaɓi wanda ya fi kusa da gida.

Wanda ya fi kusa da gida kuwa shi ne wanda ba zan iya zuwa ba.

A lokacin shekarata tara a Manchester. Muna zaune a Hulme ni da maigidana, a flat na hawa na uku, 'yarmu ɗaya ta tafi jami'a a wani gari. Ina aikin shara da goge-goge a wani asibiti a Oxford Road, in shiga ƙarfe shida na safe in tashi ƙarfe biyu. Shi direban bas ne, ba ya dawowa sai wajen shida na yamma. Tsakanin biyu da shidan nan nake sha. Farar giyar nan mai kama da ruwa nake saya, in juye ta a robar ruwa, in na gama in tauna kanumfari. Da farko don sanyi ne da ciwon baya. Daga baya ban san don me ba.

Ikilisiyarmu ƙarama ce. Muna taruwa a wani zaure ranar Lahadi mu yi sujada da Hausa, mutanen Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, kowa ya san garin kowa. A wurinmu giya ba ƙaramin abu ba ce. Wanda aka kama, dattawa za su sa shi ƙarƙashin horo: a karanta sunansa a gaban jama'a, ya koma bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba hidima, sai ranar da aka ga ya tuba. Uwata burkutu take dafawa kafin ta tuba. Ina 'yar shekara takwas ta fasa tukwanenta a ƙofar majami'a, mata suna guɗa. Ban manta ba.

Ni kuma ina cikin zumuntar mata, ni ce mai buga tulu idan ana waƙa. Karatuna aji shida ne, Turancina na aiki ne kawai, a cikin nas-nas da matan masu digiri ba ni da abin nunawa. Amma idan na ɗora tulu a cinya na sa tafin hannu, kowa ya san ina wurin. Shi kaɗai nake da shi.

Kwana uku na yi ina karanta takardar nan da biro a hannu. Taro na farko a Hulme yake, Talata da Juma'a ƙarfe huɗu, tafiyar minti goma daga flat ɗinmu. Amma tagar sakatariyar zumunta tana kallon ƙofar zauren da ake taron, ita kuma mace ce da ba ta rufe labule. Na soke shi. Na biyu yana bayan Oxford Road. Rabin ikilisiyarmu a asibitocin nan suke aiki, in ka tsaya a tashar bas minti biyar sai ka gaisa da mutum uku. Duk da haka na gwada. Na isa har bakin ƙofa, sai na hango wani ɗan'uwa cikin mawaƙa yana tsallako titi. Na wuce kamar ba nan za ni ba, na shiga kantin magani na tsaya ina karanta kwalin man goge baki har lokacin ya wuce. Na soke wannan ma. Akwai wanda ake yi ta waya, fuskarka a allo. Ban yarda da shi ba, don ban san inda fuskar take ƙarewa ba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa, har takardar ta koma zane-zane.

A ƙasan shafi akwai lambar waya. Na kira daga ɗakin ajiyar tsintsiya a wurin aiki. Wani dattijon Bature ya ɗauka. Na tambaye shi ko akwai irin taron a wani gari. Ya ce akwai a ko'ina, wane gari nake so? Na ce Birmingham, don na taɓa zuwa biki can, na san tashar coach, wato motar safa ta doguwar tafiya, na san shagunan Lozells. Ya ce, "Ba ya yi miki nisa?" Na ce nisan nake so. Bai sake tambaya ba. Ya ba ni na Asabar, ƙarfe sha biyu na rana.

Sai maganar abin da zan faɗa a gida. Na ce wa maigidana zan riƙa zuwa Birmingham sayen kayan miya, don na can sun fi kyau. Don kada ya zama ƙarya, duk zuwan da na yi sai na saya. Busasshen kifi, daddawa, garin kuka, manja. Kafin wata biyu kabad ɗinmu ya ƙi rufuwa. Ya ce, "Ke gidan abinci za ki buɗe ne?" Na yi dariya. Na kwana ina tambayar kaina ko dariyar ma ƙarya ce.

Ɗakin yana bayan wata tsohuwar majami'a, a wani layi na gidaje masu manne da juna. Warin laima da kofi, kujerun roba a zagaye. Mutum goma sha wani abu: Turawa, 'yan Jamaika, wani Ba'indiye mai rawani. Kowa zai faɗi sunansa na fari kawai, ya ce shi mashayi ne, ya faɗi abin da ke ransa. Ba mai katse shi, ba mai ba shi shawara, in ya gama a ce an gode. A kan tebur akwai ɗan kati da ke cewa wanda ka gani a nan da abin da ka ji a nan, ka bar su a nan. Duk mako sai na karanta shi sau uku, kamar yadda nake duba murhu sau uku kafin in fita.

Makon farko ban ce komai ba. Na biyu na faɗi sunana na fashe da kuka, wata tsohuwa 'yar Jamaika mai haɗa shayi ta miƙo min biskit biyu. Daga nan bakina ya buɗe. Ranar da na cika mako shida ban sha ba, na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Asabar ta bakwai ina zaune, ƙofa ta buɗe, sai ga Mama.

Mama ita ce shugabar zumuntar mata. Kowa haka yake kiranta, har Fasto. Tsohuwar nas ce, mijinta dattijon ikilisiya ne. Ita ta kawo min tukunyar tuwo makon da na sauka ƙasar nan, ita kuma ta taɓa mayar da ni gida don ɗankwalina bai dace da zanen zumunta ba. Ba ta zuwa koyon waƙa ranar Asabar, kowa ya san tana duba wata tsohuwar Baturiya a ranar. Makonnin da na fara zuwa Birmingham ta tafi Najeriya jana'iza.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Gwiwata ta riga ta fara rusunawa, hannuna ya tafi zai karɓi jakarta. A raina na ce an aiko ta ne, asirina ya tonu. Amma tsohuwar mai shayi ta rungume ta tana cewa sun yi kewarta, wani ya jawo mata kujerar da ke kusa da hita, kamar tata ce. Mama ta kalle ni sau ɗaya, ta ɗauke kai.

Da aka zo kanta ta faɗi wani suna da ban taɓa ji ba, sunanta na yanka. Ta ce ita mashayiya ce, shekararta huɗu ba ta sha ba. Ta ce a wurin jana'izar an yi ta yawo da ƙwaryar burkutu, ta riƙe kujera da hannu biyu har ta ji yatsunta sun mutu. Da Turanci ta faɗa, muryarta ba ta rawa.

Bayan an tashi ta tare ni a lungun bayi.

"Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

"To, Mama."

"Ba 'to Mama' ba. Kin ji abin da na ce?"

"Na ji, Mama."

Mako uku muna haka. Ita ta zo a jirgin ƙasa, ni a coach. Tana zaune tana jin duk abin da nake faɗa. Da farko na so in rage, amma na ga ragewa ma wani irin ƙarya ne. A gabanta na faɗi inda nake ɓoye robar a wurin aiki, bayan bokitin mofa. A gabanta na faɗi faɗuwar da na yi a matakala, na ce wa maigidana mai ne ya zube. A gabanta na faɗi wanda ya fi ci min rai, cewa na taɓa karɓar Jibin Ubangiji da giya a cikina. Ranar Lahadi kuma in gaishe ta kamar kullum, ta amsa kamar kullum.

Asabar ta huɗu da haɗuwarmu ana gyaran hanyar jirgi, sai na same ta a layin coach ɗina. Ta zauna kusa da ni. Wani hatsari ya tsare babbar hanya, tafiyar awa biyu da rabi ta koma kusan biyar. A nan ta yi magana. Ta ce bayan rasuwar ɗanta na fari ta fara, ta yi shekara shida tana sha tana shugabancin mata, ba wanda ya sani, har mijinta. Ta ce babu wata tsohuwar Baturiya. Ta ɓare lemo ta ba ni rabi.

"'Yata, in ba don ɗakin nan ba da tuni kun yi min waƙar jana'iza. Ke ma ki riƙe shi. Ko ruwan ƙanƙara ake ki zo."

Ƙafafunta suka kumbura, ta cire takalma. Da muka iso Manchester suka ƙi shiga. Na durƙusa a cikin motar na matsa mata ƙafar har ta shiga. Ta dafa kaina ta sa min albarka. Tun da uwata ta tsufa ba wanda ya dafa kaina haka.

Washegari da safe ina guga zanen zumunta ina ta shawara da kaina. An yi tafiya tare da babba, an sha wuya, gari ya waye. Uwata ta taɓa marina don na wuce gwaggo washegarin biki ban yi mata ban gajiya ba. In na yi shiru Mama za ta ce ban da tarbiyya, ko ta ce tunda na san sirrinta na raina ta. In na yi kuma, a ina? Na yanke cewa zan jira in same ta ita kaɗai, in faɗa a hankali. Na maimaita wa kaina wannan har a cikin bas.

Akwai ɗan ɗaki kusa da kicin inda mata suke ɗaura ɗankwali kafin sujada. Muna ciki mu takwas ko tara, ana ta hayaniya, sai Mama ta shigo tana ɗingishi, da silifas a ƙafarta. Ina ganin silifas ɗin nan duk shirina ya zube. Na rusuna.

"Mama, ina kwana. Ya gajiyar hanya? Ƙafar ta sauka kuwa?"

Ban ma yi ƙasa da murya ba.

Sakatariya tana gaban madubi da fil a bakinta. Ta cire fil ɗin.

"Wace hanya? Mama, ba kina wajen tsohuwarki jiya ba?"

 Sakatariya ta juyo kaina.

"Ke, mai tulu. Ina kuka je?"

Sau da yawa na zauna na tsara amsoshin da zan iya bayarwa a ranar. In ce hanyar zuwa majami'a nake nufi. In ce na gan ta a tashar bas. Kowace mace a ɗakin nan za ta iya. Ni na buɗe baki na ce, "Birmingham."

"Iye! Birmingham? Ku biyu? Biki aka yi ba a gayyace mu ba?"

Wata ta ce, "Ko dai Mama ta samo mana sabon Baba ne a can?" Aka kwashe da dariya. Sakatariya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana son kujerar Mama, kowa ya sani.

"A'a, ku bari. Ni dai shekara huɗu ina rubuta Mama ba ta zo koyon waƙa ba saboda aiki. Ina so in san me zan rubuta na jiya."

Mama ta ajiye jakarta a kan tebur. Ta gyara zanenta. 

"Ku rufe ƙofa," in ji ta. "Na so in rufa mata asiri, amma tunda ta tona da bakinta, shi ke nan. Bin ta na yi. Na daɗe ina jin wari a jikin yarinyar nan. Jiya na bar aikina na bi ta, don in ga inda take zuwa duk Asabar. Gidan mashaya take zuwa. 'Yar'uwarmu mashayiya ce."

Ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi robar da ke bayan bokitin mofa. Ta faɗi matakala da man da bai zube ba. Ta faɗi Jibin Ubangiji. Da ta zo wannan wata ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Duk abin da na faɗa a ɗakin can da Turancina mai karyewa, ta juya shi da Hausa mai kyau, ba ta bar ko ɗaya ba. Tana faɗa tana kallon bango a saman kaina.

"Ba gulma muke yi ba," in ji ta a ƙarshe. "Mu sa ta a addu'a."

Suka kewaye ni, suka ɗora min hannuwa, suka yi addu'a da ƙarfi har maza suka jiyo daga zaure. Hannun Mama yana kaina, daidai inda ta dafa jiya. Da aka ce amin sakatariya ta ɗauke tulun daga gefena ta miƙa wa wata.

Kafin a tashi sujada labarin ya shiga group ɗin zumunta a waya, a matsayin abin addu'a, da cikakken sunana. Maigidana a bakin mawaƙa ya ji. A bas ɗin komawa gida bai zauna kusa da ni ba. Da muka shiga flat ya buɗe kabad, ya riƙa fito da kifi da daddawa yana jerawa a ƙasa.

"Wannan ne kayan miyan? Ni kike ciyar da ƙarya wata biyu?"

Na ce ai na saya, ga su nan.

"Kin saya. Sannu. 'Yar mai burkutu dai ba ta da wani gado."

Ranar Laraba dattawa suka kira ni. Mutum biyar a bayan tebur, mijin Mama a cikinsu, Mama kuma a gefe a matsayin shaida. Fasto ba mugun mutum ba ne. Ya tambaye ni ko ina sha, na ce na sha, amma yau mako goma ban taɓa ba. Wani dattijo ya ce, "Mako goma a bakin wa?" Wani ya tambaya me ya sa na kai damuwata wurin arna da masu rawani, ikilisiya ba ta ishe ni ba? 

Sai Fasto ya ce, "Abu ɗaya ya rage, don a rubuta daidai. Mama ta ce bin ki ta yi don ta cece ki, ba ki san tana biye da ke ba sai da kika gan ta. Haka ne?"

Na kalli Mama. Silifas ɗin ne har yanzu a ƙafarta. Mijinta yana rubutu, bai ɗago ba.

Ni da na cika kabad da kifi don kada in yi ƙarya. Na tuna katin da ke kan tebur. Na tuna cewa ni na fara buɗe ƙofar, ba ita ba. Kuma don kada in wanke kaina fiye da yadda ya kamata, har da tsoro a ciki: na san ko na faɗa ba mai yarda, za a ce mashayiya tana ƙazafi. Har yau ban iya rarrabe wanne ya fi yawa ba.

Na ce, "Haka ne."

Aka ba ni horon wata shida. Na wanke zanen zumunta da ɗankwali, na goge, na ninke, na kai wa sakatariya. Ta buɗe ta shinshina a gabana.

Ranar Juma'ar makon na tashi aiki ƙarfe biyu na tafi kai tsaye kantin da nake saya. Na ɗauki kwalbar, na shiga layi. Mutum biyu ne a gabana. Abin da na gaya wa kaina shi ne, an riga an hukunta ni, me nake tsarewa kuma? Ina tsaye sai wani tunani ya zo, ba na ibada ba, na lissafin hanya kawai. Abin da ya sa na soke taron Hulme shi ne tagar sakatariya. To yanzu me za ta gani da ba ta sani ba? Na duba agogo, uku saura. Na ajiye kwalbar a kan tarin burodi, abin da ban taɓa yi ba, don ni komai sai na mayar da shi inda na ɗauko. Na je na zauna a kan dakalin zauren har ƙarfe huɗu.

Tana taga kuwa. Ta buɗe ta leƙo.

"Mai tulu! An canja makaranta ne? Ta Birmingham ta kore ki?"

Na ce, "Ina wuni," na shiga.

Tun ranar nan can nake zuwa, Talata da Juma'a. Birmingham kuwa na bar wa Mama. Na ga shi ne abu ɗaya da zan iya biya da shi. Wata Lahadi na same ta ita kaɗai tana wanke kofuna, na ce a hankali, "Mama, na daina zuwa ranar Asabar. Ba za ki same ni a can ba."

Ba ta juyo ba. "A ina? Ban san abin da kike faɗa ba. Ki koma bencinki."

Abin da ban lissafa ba shi ne sakatariya. A taron mata ta miƙe ta ce tunda Mama ta iya barin tsohuwarta don tunkiya ɗaya da ta ɓata, ai za ta iya barinta don garken duka. Ta ce ko a ba ta lambar 'ya'yan tsohuwar ta roƙe su da kanta. Mata suka tafa. Mama ta ce ba sai an kira kowa ba, dama tana shirin ajiye aikin. Daga makon nan duk Asabar ƙarfe sha biyu tana gaban mata tana ba da waƙa. Ni ina gida ina kallon agogo, ina cewa yanzu an jawo kujerar kusa da hita, yanzu wani ya zauna a kai.

Wata shida suka cika. Ranar da za a mayar da ni, Fasto ya kira sunana, na taso daga bencin baya na bi tsakiyar jama'a. Al'adarmu shugabar mata ce take ɗaura wa wadda ta tuba ɗankwali. Mama ta ɗaura min, ta ja shi da ƙarfi har kunnena ya yi zafi, mata suna guɗa. Sannan ta rungume ni.

Kanumfari na ji a numfashinta. Da abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙarfe sha ɗaya na safe.

Ba wanda zai gane a zauren nan sai ni. Aka miƙo min tulu, na zauna na buga, hannuna ya yi aikinsa, ban san wace waƙa ake yi ba.

Na sake kiran dattijon Baturen nan, na ce ina neman taro a garuruwan da babu mutanenmu, ranar da ba Asabar ba. Ya ce, "Ke ce ta Birmingham? Kina son wanda ya fi nisa kuma?" Na ce ba ni ba ce. Ya karanto min guda biyar, na rubuta su da manyan baƙaƙe, da lambar bas da ta jirgi, na duba kowanne sau uku. Ban sa suna ba. Na zura takardar a jakar Littafin Mama lokacin da ake tara kuɗin baiko.

Lahadi mai zuwa, a ɗakin ɗaura ɗankwali, ta fito da ita a gaban mata, riƙe da yatsa biyu.

"Mai tulu, takardarki ta mashaya ta faɗa jakata. Ki riƙa kula da kayanki. Har yanzu hannun yana rawa ne?"

Aka yi dariya. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode.

Yau shekarata biyu da wata uku ban sha ba. Maigidana ya dawo yana zama kusa da ni a bas, amma in na ɗauki robar ruwa sai ya karɓa ya kurɓa tukuna. Mama ta sauka daga shugabanci bara, an ce hawan jini ne. Sakatariya ce a kujerar. Mama tana zuwa sujada wani lokaci, ta rame, idonta ya yi rawaya, tana zama can gefe kusa da ƙofa. Na san irin wannan rawayar, GP ta nuna min hotonta.

A taron Hulme na taɓa ba da labarin nan ba tare da suna ba. Wani ya same ni wajen shayi ya ce ba ni na zuba mata a kofi ba. Na san haka. Na kuma san Asabar nawa ta yi tana hawa jirgi lafiya kafin in rusuna a gabanta.

Takardar da na rubuta wa Mama tana cikin jakata, na sake kwafe ta sau biyu don ninkin yana cinye rubutun, kuma lokutan suna canjawa, sai na kira na tabbatar. Duk Lahadin da ta zo ina zuwa in rusuna in ce, "Mama, ina kwana." Ta ce, "Lafiya." Daga nan sai in tsaya. Ba na cewa ina gajiya, ba ita kaɗai ba, kowa ma. Bakina ya ƙi. Matan zumunta sun lura. Sun ce tun da na fara zama da Turawa gaisuwata ta gajarce.